Tsohon Babur Mai Shan Iska: Abin Da Za Ka Gyara Da Abin Da Za Ka Bari

  Wannan shi ne bayanin da muka gabatar a shirin wannan mako, mun rubuta shi saboda wanda bai samu ji ba, da wanda ya ji yana bisa hanya bai riƙe komai ba.

Asalin maganar, wani bawan Allah makiyayi ne ya aiko mana da saƙon murya. Ya ce baffansa ya bar masa tsohon babur Yamaha DT 125, wanda ya girmi wasu daga cikin 'ya'yan gidan. Babur ɗin yana tashi, yana tafiya, sai dai ƙarfinsa ya ragu. Wani bakanike ya ce masa ya kawo kuɗin rago ɗaya a fasa salansa, a cire matatar iska, a ƙara faɗin ramin fistin, wai zai koma kamar na tsere. Wani kuma ya ce ya sayar kawai ya sayi sabo ɗan Caina. Shi ne yake tambaya, wanne zai bi?

To ɗan'uwa, ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Maigatari zuwa Dungas, babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai nono kasuwa, shi ke bin sawun saniyar da ta ɓace, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Idan ya mutu maka a daji, abin ya wuce asarar ƙarfe. Don haka bari mu bi maganar daki-daki.

Kada ka raina tsohon inji mai shan iska. A ranar 26 ga Disamba 1978 aka tashi daga birnin Faris a tseren farko na Faris zuwa Dakar. Ababen hawa 182 suka tashi, suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar ta Agadas zuwa Yamai, suka wuce Mali, aka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, tafiyar kusan kilomita 10,000. Guda 74 kaɗai suka kai. Wanda ya zo na ɗaya wani matashi Bafaranshe ne mai suna Cyril Neveu, bisa babur Yamaha XT500, mai fistin ɗaya, babu lagireto, babu ruwa, iska ce kawai ke sanyaya shi. A 1980 ya sake cin tseren babura da irin wannan babur. Daga baya, a 1983, kamfanin ya fito da wani babur ya sa masa suna Ténéré, sunan hamadarmu ta Tenere. Ka ga ashe irin wannan inji ya san rairayinmu tun kafin a haifi da yawa daga cikinmu.

Haka ma Honda CG 125, wanda ya fito a 1975. Kamfanin ya aika injiniyoyinsa ƙasashe masu tasowa, suka tarar mutane na loda wa babur kaya fiye da kima, ba sa juye a kan lokaci, sai inji ya lalace a kai gareji. Shi ya sa suka ƙera inji mai sauƙi, mai jure wahala, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Da yawa daga baburan Caina da muke hawa yau, ƙirar injin CG aka kwaikwaya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai ka san yadda ake ajiye ta.

Abu na farko da za ka sani shi ne yadda wannan inji ke huce zafi. Dubi jikinsa, za ka ga wasu sirara-siraran ƙarafa jere kamar haƙarƙari. Zafin wutar da ke ci a ciki yana fitowa ta jikinsu, iskar tafiya ta kwashe. Baƙin mai ma yana ɗaukar nasa kason. Ke nan duk abin da ya hana iska taɓa haƙarƙarin nan, abokin gaba ne. Laka da ta bushe a tsakaninsu bayan damina kamar bargo ce ka lulluɓa masa. Fenti mai kauri da samari ke shafawa don ado, haka. Robobi da ledoji da ake ɗaurawa gaban inji, ko buhu da ya sauko ya tare iska, haka. Ka samu tsinke da ɗan buroshi ka riƙa tsefe su, ba ya cin ko dala.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yankunanmu, iskar da ake sa ran za ta sanyaya inji ita kanta da zafinta take zuwa. Idan kana cikin yashi da giya ta ɗaya, ka murɗe totur, ga kaya, inji yana aiki iyakar ƙarfinsa amma iska kaɗan yake samu. A nan ne mafi yawan injuna ke bugawa. In ka ji ƙarfi ya fara raguwa, ko wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ko ƙaurin mai, ka tsaya. Nemi inuwa, kashe shi, ka ba shi lokaci. Kada ka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, kan inji na iya lanƙwashewa ko ya tsage. Haka in ka tsaya layi a shingen jami'ai ko bakin iyaka, kashe shi ya fi barinsa yana silo, don a tsaye ba ya samun iska.

Abu na biyu, baƙin mai. A nan dole ka san irin injinka. DT da AX100 da makamantansu suna ƙone mai tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi. Man da suke sha shi ne wanda aka rubuta 2T a jikinsa. DT yana da ƙaramin famfo da ke tura man gwargwadon yadda ka murɗa totur. Idan famfon yana aiki, bar shi, ka dai tabbatar tankin man bai bushe ba. Idan an riga an cire shi, sai ka riƙa haɗawa da kanka, kuma da awo. Masu gyara da yawa suna bin kashi 1 cikin 40, wato mililita 25 na mai a kowace lita ɗaya ta fetur, lita 4 ke nan mililita 100. Kai makiyayi ka ma fi kowa sauƙi, don ka san sirinjin da ake auna maganin dabbobi. Sayi sabo ka ware shi don wannan aiki. Zuba da ido, yau da yawa gobe kaɗan, shi ke cinye fistin. Kuma kada ka yarda a zuba maka tsohon man da aka juye daga mota.

Su kuma CG da XT da Boxer, man yana zaune a ciki yana zagayawa, sai an yi juye, wanda 'yan Nijar ke ce wa bidanji. CG kusan lita ɗaya kawai yake ɗauka. Wannan 'yar litar ce ke shafa komai, ta kwashe zafi, ta kwashe datti. A ƙurarmu da zafinmu, shawarata kada ka wuce kilomita 1,000 ba ka juye ba. In mitarka ta mutu, ƙirga da kasuwanni: ka san nisan garinku da kasuwa, ka san sau nawa kake zuwa. Kowace safiya kafin ka buga kik, tsayar da babur daidai ka duba sandar awo. XT500 kuwa man nasa a cikin ƙarfen shasi yake zama, sai ka tayar da shi ya yi 'yan mintoci kafin awon ya faɗa maka gaskiya. Sannan a riƙa duba tazarar bawul. A CG milimita 0.08 ce, kuma sai inji ya yi sanyi ake aunawa. Bawul da ya matse yana ƙonewa.

Abu na uku, iska da fetur, kuma a nan ne maganar bakaniken nan take. Kafireta tana haɗa fetur da iska bisa wani ma'auni. Idan ka cire matatar iska, ko ka fasa salansa, iskar da ke ratsa inji ta ƙaru amma fetur bai ƙaru ba. Haɗin ya tsinke, kuma tsinkakken haɗi zafi yake ƙarawa. Da farko za ka ji babur ya yi kuka mai daɗi, ka ɗauka ya ƙara ƙarfi. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Tsohon CG da nake zuwa ɗaukar rahoto da shi, na sa aka fasa masa salansa don abokai su ji isowata. Ban yi wata biyu ba, ranar wata kasuwa da rana tsaka, ya buga mini tsakanin ƙauyuka biyu. A amalanken shanu muka koma gari ni da shi, kuma kuɗin gyaran ya ninka abin da na biya aka ɓata shi.

A injin DT abin ya fi tsanani, domin wannan kumburarren bututun salansa da kake gani da lissafi aka ƙera shi. Yana taimakawa wajen mayar da haɗin fetur cikin inji. Ka yanke shi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Sau da yawa ma, abin da ke rage ƙarfin tsohon DT baƙin dattin hayaƙi ne da ya toshe salansa da ƙofar fitar hayaƙi. A kwance a ƙone dattin, a kankare, a mayar. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Matatar iska kuwa ita ce hancin babur. Lokacin hunturu, ƙurar da ke shiga idonka ita ke neman shiga injinka, kuma in ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye zobe da fistin. Idan ta soso ce, wanke ta da kananzir, bari ta bushe, ɗiga mata mai kaɗan, matse ta, ka mayar. A lokacin ƙura, duk mako. Idan ta yage, sake ta.

Filogi, wato buji, shi ne mai ba ka labarin abin da ke faruwa a ciki. Bayan tafiya mai ɗan nisa, bari inji ya huce, ka kwance shi ka dubi bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi da toka, fetur ya yi yawa ko matata ta toshe. In ya yi fari fat, haɗi ya tsinke, inji yana cin wuta, kada ka yi doguwar tafiya sai an duba. Duk wanda ya canja salansa ko matata, dole a sake jet na kafireta zuwa mafi girma, a gwada, a sake duba filogi. Bakaniken da bai yi maka maganar jet ba, bai gama koyon aikin ba. Sannan ka riƙe lambar filogin da injinka ke amfani da ita. A na NGK, yawan lamba na nufin filogin ya fi saurin huce zafi, don haka ba kowanne da ya shiga rami ne daidai ba. Jabu kuma sun yi yawa a kasuwa, araha ba ta ado.

Fetur na kwalba, wato esansi na bakin hanya, da yawanmu ba mu da zaɓi sai shi. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayu 2023 farashi ya tashi, masu algus kuma suka ƙaru. Ɗaga kwalbar ka duba a hasken rana. Ruwa yana kwanciya a ƙasa, datti ma haka. Ka tace da tsumma mai tsabta, ka sa ƙaramar matatar fetur a tiyo tsakanin tanki da kafireta. Tsohon tanki yana tsatsa daga ciki, a wanke shi ko sau ɗaya a shekara.

Yanzu maganar ƙara faɗin ramin fistin. Wannan magani ne na injin da ya cinye, ba a yi wa mai lafiya. Fistin na gyara mataki-mataki yake zuwa: milimita 0.25, sai 0.50, sai 0.75, sai 1.00. Kowane mataki rayuwa ɗaya ce ta injinka. Wanda ya tsallake zuwa na ƙarshe don neman gudu ya cinye guzurin shekaru a rana ɗaya, ga bango ya yi siriri, ga zafi ya ƙaru. A auna tukuna. Wani lokaci zobe kawai za a sake. Idan kuma an yi aikin, ka lallaɓa shi 'yan kilomitoci ɗari na farko, ba lodi mai nauyi, ba murɗe totur har ƙarshe.

To, me ya kamata ka kashe wa kuɗi? Ga su bi da bi.

Birki ne farko. Sabon birki-shu, sabuwar waya, a goge cikin gangar. Babur da aka ƙara wa ƙarfi ba a ƙara wa birki ba, makara aka gyara. Sai taya da tiyub mai kauri saboda ƙayar aduwa da ta farar ƙaya. A yashi mai zurfi, rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, amma ka mayar da ita in ka hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. A riƙa ɗaure wayoyin wili, don ɗaya in ta saki, sauran na biye.

Na biyu, sarƙa da faifanta masu haƙora. Wannan ita ce dabarar da ta fi amfani ga mai ɗaukar kaya, kuma ba ta taɓa cikin inji. In ka ƙara haƙoran faifan baya, ko ka rage na gaba, babur zai ƙara ƙarfin ja, gudunsa na ƙarshe ya ragu. Misali, mai 14 a gaba da 42 a baya, in ka mayar da na baya 45, za ka ji bambanci a yashi da hawan tudu, kuloci ma ya huta. Rage haƙori ɗaya a gaba kusan daidai yake da ƙara uku a baya. Mai doguwar tafiya bisa kwalta ba kaya, shi kuma kada ya yi haka, don injinsa zai riƙa kuka a banza. Sarƙa da faifai tare ake sake su. Sabuwar sarƙa bisa tsohon faifai ba ta daɗewa.

Na uku, kariya da shok. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, huɗu sun zama 100, ga ka, ga wanda ka goya. Idan mai walda ya ja kariya ta wuce tayar baya da nisa, nauyi yana ɗaga gaban babur, kan ya yi sako-sako, a yashi sai ya kwashe ka. Kaya mai nauyi ya zauna kusa da bayanka, a raba shi daidai hagu da dama. A ɗaure kariya da ƙusa a wuraren da aka tanada. Walda barkatai a jikin shasi tana raunana ƙarfe. In da hali a sa shok mai ƙarfi. Mai ɗaukar jarkar fetur kuma ya nisanta ta da salansa, mun sha jin abin da ɗigo ɗaya ya jawo.

Na huɗu, wuta. Tsofaffin babura da yawa bolt 6 suke, fitilarsu kamar aci-balbal. Mayar da su bolt 12 gyara ne mai kyau ga mai tafiyar asuba ko dare, kuma zai ba ka damar cajin waya. Amma a yi shi cikakke, da batir da na'urar daidaita wuta da fis. Fitilar LED da aka jona kai tsaye ba ta daɗewa, waya kuma da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ke tayar da gobara ƙarƙashin tanki.

Akwai kuma abin da ba na ƙarfe ba, wato takardu. Kafin ka sayi tsohon babur, duba lambar shasi da lambar inji, ka gwada da abin da ke takarda. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ka bar ta ko da kyauta ce. A rubuta takardar ciniki gaban shaidu ko mai unguwa. In ka sake inji gaba ɗaya, riƙe rasit ɗin. Kwastam, ko duwan, da jandarma ba ruwansu da cewa gado ka ci. Kun san halin da muke ciki. An hana hawan babur a jihar Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tillaberi a farkon 2020, a 2021 kuma jihohin Katsina da Zamfara suka kafa dokoki kan sayar da fetur a jarka da yawan goyo. A irin wannan yanayi, babur mai ƙarar tsiya, ba lamba, ba takarda, yana jawo wa mai shi zargin da bai ji ba bai gani ba. Ka tambayi dokar wurin da za ka kafin ka tashi.

Saboda haka ɗan'uwa mai DT, ga amsarka. Kada ka sayar da ragonka tukuna. Fara da wanke matata da kafireta, sabon filogi na gaskiya, a share salansa, a duba famfon mai, a tsefe haƙarƙarin inji. Ka hau mako ɗaya. In ƙarfi bai dawo ba, a buɗe a auna fistin, a yi mataki ɗaya kawai. Abin da ya rage a sa a birki da taya da sarƙa. Sayarwa kuwa sai in shasi ya tsage, ko kayan gyaransa sun gagara samu a kasuwannin da kake ci, domin babur da za ka jira wata guda kafin a kawo masa abu ɗaya daga birni ba zai yi maka kiwo ba. A ƙarƙashin kujera kada a rasa filogi ɗaya, sifana, kayan faci, famfon iska da mahaɗin sarƙa. Hular kwano kuma a kai take amfani, rawani ba ya tare dutse.

Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman ku makanikai da kuka fi mu sanin aikin, ku aiko, za mu karanta a shiri na gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya albarkaci dukiya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.